Gejin Sada Mai Faci

A bakin tashar motar Funtua, ta ɓangaren da motocin Bakori da Malumfashi ke lodi, akwai wata tsohuwar darbejiya. A inuwarta Sada mai faci ya yi shekara goma sha huɗu yana sana'a. Da famfon hannu ya fara, yana yi wa kekuna da amalanke iska. Sai a shekarar 1979 Allah ya hore masa ya sayi injin hura iska, wani ja mai ɗan tanki da doguwar mesa baƙa. Tare da injin aka ba shi geji, abin gwada yawan iskar da ke cikin taya. Kamar agogon aljihu yake, fuska fara, lambobi baƙaƙe, da wata siririyar allura ja. Kafin zuwan gejin, da babban yatsa da ɗan guduma Sada ke gwada taya, ya danna, ya ƙwanƙwasa, ya saurari ƙarar. Da geji ya zo sai ya bari. Ya ce aikin kintace ya ƙare.

Sada bai yi boko ba, amma lambobin fuskar gejin nan ya san su kamar sunayen 'ya'yansa. Mutum ne marar yawan magana, kuma direbobi sun yarda da shi. In ya ce taya ta yi, ba mai sake duba ta.

Cikin masu kawo masa aiki akwai Jibo, wani direba ɗan Mahuta, mai tuƙa akori-kurar Alhaji Lawal dillalin hatsi. Jibo bai wuce shekara talatin ba, ga fara'a ga tsabta, kullum da tsumma a kafaɗa yana goge mota. A bazarar 1982, lokacin da manoma ke ta jigilar takin zamani kafin ruwa ya sauka, sai tayoyi suka fara fashe masa a hanya. Ta farko ta fashe kusa da Bakori, aka ce tsufa. Bayan mako biyu wata ta fashe, aka ce zafin kwalta. Ta uku kuwa sabuwa ce fil, ta gaba. Ta fashe da tsakar rana a wata gangara, motar ta ƙwace masa ta faɗa gona ta kwanta a gefe guda, buhunan taki suka watse cikin kunyoyi. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Jibo ya fito da tsaga a goshi da targaɗe a hannu.

Washegari Alhaji Lawal ya zo tasha da kansa, ransa a ɓace, ya tsaya a gaban darbejiyar nan mutane na kallo.

"Sada, kai ke yi wa motar nan iska. Nawa kake sa mata?"

"Arba'in da biyar a baya, talatin da biyar a gaba, Alhaji, kamar kullum," in ji Sada. Ya ɗaga gejin ya nuna. "Ga shi nan. Wannan ba ya ƙarya."

Shi ke nan, magana ta koma kan Jibo. Wani ya ce yana cika lodi, wani ya ce ya gan shi yana gudu kamar zai tashi sama. Jibo ya rantse ya maimaita, ba wanda ya saurare shi. A wurin Alhaji ya karɓe makullin. Daga ranar Jibo ya koma zaman tasha, yana taya 'yan kamasho kiran fasinja, wani lokaci ya ari babur ɗin yayansa ya kai wani ƙauye. Ba mai motar da ya yarda ya ba shi tuƙi. Duk da haka kullum da safe sai ya ratsa ta wurin Sada ya ce, "Malam Sada, an tashi lafiya?" Sada ya amsa, ya ci gaba da aikinsa, bai ji komai a ransa ba, don a ganinsa gaskiya ya faɗa.

Bayan kamar kwana goma, wata rana ya gama yi wa wata mota Fijo iska, zai miƙe, sai ya dafa tayar don ya tashi. Hannunsa ya tsaya a kanta. Tauri gare ta kamar dutsen niƙa. Ya danna da yatsa, ko motsi ba ta yi ba. Ya mai da geji, allura ta nuna talatin daidai. Ya dubi gejin, ya dubi yatsansa. Mai motar na jira, sai ya sallame shi. Amma abin ya tsaya masa.

Da ya koma gida cin abincin rana, matarsa Ladidi ta lura bai taɓa tuwon kirki ba. Ita ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, tana zaune tana matsar tunkuza a gefe.

"Malam, miyar ce ba ta yi ba?"

"Miya ta yi. Hannuna ne nake jin kamar ya fara ruɗa ni." Ya ba ta labarin Fijon.

Ta goge hannu a zani ta ce, "To me ya sa hannun ne zai ruɗe ka, ba ƙarfen ba? Hannun nan ai ya girme shi."

"Ke ba ki san abin nan ba. A Ingila aka ƙera shi."

"Kwalbar da nake awon mai da ita ma ba a garin nan aka yi ta ba, amma sai da na gano gindinta ya fi na sauran kauri, ina ta tauye mutane ban sani ba. Ka kai wa Baba Bitrus ya duba mana. Shi ya gyara wa maƙwabta sikelinsu."

Sada ya ce zai gani. Kwana biyu bai je ba. In ya tuna yadda ya ɗaga gejin nan a gaban jama'a, sai ya ji ba ya son ma a duba.

A rana ta uku, ranar kasuwar Bakori ce, da hantsi Buba direban bas ya tsaya a gabansa. Bas ɗin cike take maƙil, yawanci mata ne da kwanduna da goyo, ga kaya an ɗaure a sama. Buba ya ce a ƙara masa iska duka huɗun, zai sauke wasu a Bakori, ya ɗebi wasu, ya wuce Malumfashi. Sada ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya har allura ta hau inda ta saba hawa. A ta ƙarshe ya sa yatsa ya danna. Ko motsi ba ta yi ba.

"Buba, dakata kaɗan."

"Haba Malam Sada, rana na yi, fasinja na zagina. Geji ya ce me?"

"Ya ce daidai."

"To ai shi ke nan."

Bas ta tashi. Sada ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Sai ya kashe injinsa, ya ce wa mai shayin kusa da shi ya sa masa ido a kan kaya, ya sa gejin a aljihu, ya kama hanyar unguwar reluwe da ƙafa.

Baba Bitrus tsoho ne, ya haura saba'in. Shekara talatin ya yi yana aikin injinan jirgin ƙasa masu tururi, da aka daina yayinsu shi ma ya ajiye aiki. Yanzu yana da 'yar rumfar kwano a ƙofar gidansa, kusa da layin dogo, inda yake gyaran agogo da sikeli da fitilar gas. Ranar Lahadi kaɗai ake tarar da rumfar a rufe, ya tafi coci. Sada ya same shi ya sunkuya a kan wani agogon bango, tabarau a ƙarshen hanci. Suka gaisa, tsohon ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tura masa kujera. Sada bai iya zama ba. Ya ajiye gejin a kan tebur.

"Baba, so nake ka gaya mini ko wannan abin gaskiya yake faɗa."

Baba Bitrus ya juya shi a hannu, ya kai shi kunne ya girgiza. Ya tashi a hankali ya shiga gida, ya fito yana gangaro da wata ƙaramar taya ta babur ɗin ɗansa, a ɗaya hannun kuma da wani ƙunshin ƙyalle. Ya kwance ƙyallen. Wani geji ne na tagulla, ya sha hannu har yana sheƙi. Ya kafa shi a bawul ɗin tayar, inda ake ɗura iska.

"Karanta."

"Talatin."

"To sa naka."

Sada ya sa nasa. Allura ta ɗan motsa, ta tsaya a kan goma sha biyu. Ya cire ya sake sawa. Goma sha biyu.

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da tambayar. Ta yaya za mu san ba naka ne ke ƙarya ba?"

Tsohon ya yi dariya har tabarau ya zame. "Madalla! Da tun farko haka kake tambaya ai da ba ka zo nan ba. Matso ka gani da idonka."

Ya sa bakin wata 'yar wuƙa ya ɓalle zoben da ya riƙe gilashin, ya ajiye gilashin a kan ƙyalle. Ya nuna masa wata 'yar mitsitsiyar ƙusa da ke tsaye a fuskar gejin, daidai kan sifiri, inda allura ke jingina in ba iska.

"Ka ga wannan? Ita ke tare allura. In geji lafiya yake, allura taɓa ta kawai take yi. Duba taka."

Ya sa hantsaki ya ɗan ɗaga allurar ya tsallakar da ita ƙusar. Nan take ta zarce can ƙasa da sifiri, ta yi nisa, ta tsaya inda babu ko lamba.

"A nan take kwana," in ji Baba Bitrus. "Ƙusar ce ke riƙe ta kake ganin kamar daidai take. Sai iska ta kai kusan ashirin kafin ma ta fara tashi. Abin nan ya taɓa faɗuwa?"

Sada ya tuna. Wajen ƙarshen kakar auduga, wata babbar mota na ja da baya ta taka mesar injinsa, gejin da ya rataye a jikinta ya yi tsalle ya bugi bakin wili. Da ya ɗauka ya ga gilashi bai fashe ba, sai ya yi hamdala ya ci gaba da aiki. Wata uku ke nan.

"Bugun ne ya juya allurar a kan sandarta. Duk tayar da ka sa wa arba'in da biyar, sittin da wani abu ka ɗura mata. Ga lodi, ga zafin kwalta."

Sada ya zauna a kujerar da ya ƙi zama ɗazu. Goshin Jibo ne ya fara zuwa masa, da jini ya bushe a gefen gira. Bai gama wannan tunanin ba sai ya zabura ya miƙe.

"Innalillahi! Baba, bas ɗin Buba! Yanzu na cika mata duka huɗu, cike take da mata, Malumfashi za ta!"

"Tun yaushe?"

"Bai kai awa ba. Zai tsaya lodi a Bakori."

Baba Bitrus ya naɗe gejinsa na tagulla a ƙyalle ya danƙa masa a hannu.

"Baba, wannan ai..."

"Tun kafin a haifi ɗana na fari yake wurina, ban taɓa ba wani aro ba. Yi sauri. Naka ka bar mini shi."

Sada ya yi shekaru bai yi gudu ba, amma ran nan ya yi. Yana isa tasha yana haki, mutumin da ya fara gani a kan babur shi ne Jibo, ya sauke wani ke nan. Sada ya tsaya a gabansa. Ya so ya ce masa kawai ya kai shi Bakori, sauran magana daga baya. Bakinsa ya ƙi.

"Jibo, tayoyin nan uku ni na fasa maka su. Gejina ne ya lalace ban sani ba. Yanzu haka na yi wa Buba irin abin da na yi maka, yana hanya da mutane."

Jibo ya dube shi. Sannan ya taka babur ya ce, "Hau."

Suka fita gari a guje. Rana ta take, kwalta na walƙiya kamar an zuba mai. Gonaki dama da hagu an share su an ƙone kara, ana jiran ruwa. Sada na riƙe da ƙunshin ƙyallen a ƙirjinsa, idonsa na kan gefen hanya, duk kwanar da suka sha sai ya ji kamar zai hango bas a kwance. Ba abin da bakinsa ke maimaitawa sai, "Ya Allah ka tsare, ya Allah ka tsare."

A bakin kasuwar Bakori suka same ta. An gama lodi, an rufe ƙofa, Buba ya tayar da inji yana jiran wani mai buhun barkono ya gama ɗaurewa a sama. Jibo ya sha gabanta da babur ya tsaya. Buba ya leƙo yana faɗa, sai ya ga Sada ya sauko, fuska duk gumi.

"Kashe motar, Buba. Don girman Allah kashe ta."

Fasinja suka fara gunaguni. Wata dattijuwa ta ce su ba su ga abin da ya sami tayar ba, lafiyarta lau. Sada ya durƙusa ya kafa gejin tagulla a tayar baya. Ya kira Buba ya nuna masa. Allura ta haye saba'in. Buba ya kama baki.

Suka tura bas ɗin inuwar wani mangwaro, Sada ya ce a bari tayoyin su ɗan huce tukuna, don in ya rage su da zafinsu zai iya rage fiye da kima. Mutane suka sauko suna tambaya, shi kuwa bai ɓoye ba, duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Laifina ne, ma'aunina ne ya lalace." Da suka huce ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana danna bawul da tsinken ashana, iska na fita da tsiwa, yana gwadawa, yana sake ragewa. Dattijuwar nan da ta yi gunaguni ta tsaya a kansa tana kallo. Da ya gama ta kwance bakin zaninta ta ciro goro guda ta miƙa masa.

"Karɓi, ɗana. Jikokina biyu ne a motar nan. Allah ya yi maka albarka."

Sada ya karɓa da hannu biyu. Shi da ya zo da shirin shan zagi.

Bas ta tafi. Ya waiwaya ya ga Jibo zaune a kan wani kututture, ya sunkuyar da kai. Ya je ya tsuguna a gabansa.

"Jibo, ban san da bakin da zan ba ka haƙuri ba. Ni na tsaya gaban mutane na ce geji ba ya ƙarya."

Jibo ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Malam Sada, ka san abin da ya fi damuna? Ba makullin ba ne. Ni kaina na fara yarda cewa ni ne. In na kwanta sai in yi ta lissafin buhuna, in ce ko na ƙara ban sani ba, ko ƙafata ce ta yi nauyi a kan totur. Inna har ta fara cewa hannu aka sa mini. Na ma yanke shawarar barin tuƙi, in koma Mahuta in kama noma." Ya share fuska da tsummansa. "Yau da na ji iskar nan na fita, wallahi kamar daga ƙirjina take fita. Da ka yi shiru, wa zai sani?"

"Allah zai sani."

"To na yafe. Amma ka je ka faɗa wa Alhaji da bakinka."

"Yau ɗin nan."

Sai bayan azahar suka dawo Funtua. Jibo ya sauke shi a rumfar Baba Bitrus. Tsohon ya baje cikin gejin a kan farin ƙyalle. Sada bai taɓa zaton abin da ke ciki ke nan ba: wani lanƙwasasshen bututun tagulla kamar ƙahon rago, da 'yan haƙoran ƙarfe ƙanana, da wata waya siririya kamar gashi.

"An same su?"

"An same su, Baba. Kowa lafiya."

"Godiya ga Ubangiji." Ya numfasa. "Zauna ka ga sauran, don gaba."

Ya nuna masa yadda bututun ke miƙewa kaɗan in iska ta shiga, ya ja haƙoran, haƙoran su juya allura. Ya riga ya wanke su da kananzir da gashin kaza, don ƙura ta daskare a ciki. Ya ɗiga man keken ɗinki da bakin tsinke, ɗigo ɗaya tak. Sannan ya mai da fuskar, ya kafa gejin a tayar babur ɗin nan da aka san talatin ce a cikinta, ya ɗauki allurar da hantsaki zai ɗora ta a kan talatin. Allurar siririya ce ƙwarai. Sau biyu tana suɓucewa. A na uku ya riƙe numfashi, ya ɗora, ya danna ta da gindin ashana har ta kama. Ya cire gejin daga bawul, allura ta dawo ta taɓa 'yar ƙusar nan a hankali ta tsaya.

Suka gwada a iska kaɗan, suka gwada a mai yawa, suna bugawa da famfon keke. Duk inda na tagulla ya nuna, nan na Sada ke nunawa.

"Duk ranar ɗaya ga wata ka kawo shi mu haɗa su," in ji tsohon. "In kuma ya faɗi, ko gilashi bai fashe ba, kada ka sa shi a tayar kowa sai an duba. Yatsan nan naka ma ka riƙa tambayarsa."

Sada ya sa hannu a aljihu. Baba Bitrus ya ɗaga masa hannu tun bai fito da shi ba.

"Bar shi. 'Yata Liyatu ma'aikaciyar jinya ce a Malumfashi, duk ƙarshen wata a motocin tashar nan take zuwa ganinmu. Kaina na yi wa aiki."

Daga nan Sada ya wuce gidan Alhaji Lawal. Ya same shi a zaure bayan la'asar, ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage ba. Alhaji ya yi faɗa sosai. Ya ce an sa shi ya ci mutuncin yaron kirki a banza, ya ce mota tana gareji har yau. Sada bai ɗago kai ba har ya gama. Can Alhaji ya ja carbi, ya ce ya riga ya ɗauki wani direba mai iyali, ba zai kore shi ba gaira ba dalili. Amma washegari da safe ya zo tasha, ya tsaya daidai inda ya tsaya ran nan, ya sa aka kira Jibo, ya ba shi haƙuri kowa na ji. Bai yi mako biyu ba wani abokin Alhajin ya ba Jibo tuƙin motarsa mai jigilar masara zuwa Zariya.

Sada kuwa kwana uku ya yi yana zagaya tasha da geji a hannu, yana tare duk motar da ya san ya taɓa, yana rage mata iska yana ba da haƙuri. Wasu suka gode, wasu suka zage shi. Alhaji Lawal ya ɗauke motocinsa ya kai wa wani mai faci a hanyar Sakkwato, wasu direbobi suka bi shi. Aiki ya ja baya ƙwarai a wannan daminar, har sai da man gyaɗar Ladidi ya riƙe gidan. Ba ta taɓa ce masa ai ta faɗa ba. Sannu a hankali mutane suka dawo, Buba ne ma kan gaba, yana gaya wa duk wanda ya tsaya yadda aka sha gabansa a kasuwar Bakori.

Abin da ya dami Sada shi ne yadda zai gode wa tsohon nan. Ya kai masa zabi biyu, aka karɓa, amma washegari Matta, matar Baba Bitrus, ta aiko wa Ladidi da ƙwaryar wake wadda ta fi zabin. Sai da ruwa ya zauna sannan dama ta samu. Ranar ɗaya ga wata ya kai geji gwaji, ya tarar rumfar a rufe ba Lahadi ba. Matta ta ce ciwon baya ya kwantar da shi, ga 'yar gonarsu ta masara a bayan layin dogo ciyawa na neman cinye ta, ɗansu kuma yana Kaduna.

Ranar Asabar da sassafe Sada ya saɓa fartanya. A hanya ya tarar da Jibo na jiransa da tasa, don ya ji labari a tasha ya ce a bar masa motar ta huta yini ɗaya. Suka shiga gonar ba su gaya wa kowa ba. Ƙasa ta sha ruwa, tana ta ƙamshi. Sun ci kusan rabi sai ga Baba Bitrus tafe yana dogara sanda, Matta na bayansa da tulun kunu a ka da kujera a hannu.

"Su wane ne waɗannan suka shigar mini gona ba sallama?"

"Ɓarayin ciyawa ne, Baba," in ji Jibo.

Aka ajiye masa kujera a gindin wata ɗorawa. Ya zauna yana kallonsu, ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Da ya mayar sai ya nuna da sanda.

"Kai direba, kunyar nan taka ta karkace. Haka kake tuƙin?"

Suka yi dariya su duka. Matta ta zuba kunu a ƙoƙo ta miƙa wa Sada, ya sha a tsaye, ya miƙa wa Jibo. Jirgin kaya ya wuce a hankali ya nufi Gusau, suka tsaya har ƙararsa ta yi nisa. Sannan suka koma bakin aiki, don hadari ya fara haɗowa ta gabas, kuma suna so su kai ƙarshen gonar kafin ya sauko.